Gida na Sha Huɗu a Takardar Hanya

Laraba, 9 ga Oktoba

Ni na canja takardar. Ban faɗa ma kowa ba, ko Mama. Ko a sujada na kasa faɗinta da baki. Da Hausa nake rubutawa don in kayen nan, littafin rubutuna, ya faɗi a lise, makarantarmu, duk wadda ta tsinta ba za ta gane komai ba.

Bari in jera shi yadda ya faru.

Baba yana cikin kulob na masu kat-kat, motocin shiga daji, shekara tara ke nan. Sau ɗaya a wata suna fita da motocinsu su bi hanyoyin ƙasa na tuddan yamma da Lyon. Shi ke zuwa duba hanya kafin ranar, ya dawo ya zauna a salo, falonmu, ya faɗa mini da Hausa, ni kuma in buga da Faransanci a ordi, wato kwamfuta. Takardar hanya ke nan: gida-gida, kowane gida da kilomitansa da kibiyarsa da abin da direba zai yi in ya kai wurin. Tun ina shekara sha ɗaya nake yi masa, domin Baba bai iya karatun boko ba. Ya san lambobi, ya san allunan hanya, ya iya sa hannu mai kyau kamar na likita. A kulob ba wanda ya sani. In an miƙa masa takarda sai ya laluba aljihu ya ce ya bar lunet, gilashin karatunsa, a gida.

Gida na sha huɗu wani ramin taɓo ne a tsakiyar hanya, gefen makiyayar Madame Chazal, tsohuwar da ta yarda kulob ya riƙa ratsa filinta, har ta ba Baba makullin shingenta. Baba ya ce in rubuta: a bi ta tsakiya, a hankali, kada a kewaya. Ya ce kuma in sa a saman takarda cewa motocin da cikinsu ke kusa da ƙasa ba su zuwa wannan fitar.

Motar Moctar, wani saurayi na kulob, cikinta kusa da ƙasa yake.

Sai na cire layin sama. A gida na sha huɗu na rubuta a kewaya ta dama, bisa ciyawa. Na ce ai ciyawa ce, za ta sake tsirowa. Da na gama na karanta masa kamar kullum, amma abin da ya faɗa na karanta, ba abin da ke takardar ba. Ya ce Allah shi yi miki albarka, Uwata. Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa gare ni. Ya sa hannu.

Don Moctar ya zo. Babu wani dalili.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ranar Lahadin. Jiya na kasa kai nan.

Mota sha ɗaya. Sati guda ana ruwa. Baba shi ne mai rufe baya, motarsa ce ta ƙarshe kullum, shi ke rufe shinge bayan an wuce, ya tsince abin da aka yar. Ina gefensa da mayafina shuɗi da na goge tun Juma'a. Duk hanya ina kallon bayan farar motar Moctar in ta ɓullo a kwana, ina shirya abin da zan ce in ya tambaye ni wane littafi nake karantawa.

Mu muka iso sha huɗu daga ƙarshe. Ramin taɓon na nan lafiya lau, ruwansa kwance, ba wanda ya taɓa shi. Makiyayar ce. An yage ta kamar an ja wuƙa a sabuwar atamfa, baƙar ƙasa a waje, sawu biyu masu zurfi har gwiwa, wasu kuma sun sake kewaya sawun na farko saboda ya yi zurfi, har wurin ya yi faɗin titi. Ruwa na ɓulɓulowa daga ƙasa yana bin sawun.

Baba ya kashe mota. Ya fita ya tsaya, hularsa a hannu. Ban san minti nawa ba. Ya dawo ya tada mota ya bi ta tsakiyar taɓon a hankali. Ruwan ko matakin ƙofa bai kai ba. Ƙasansa dutse ne.

Wurin cin abinci Monsieur Fayolle, shugaban kulob, wanda ya ja gaba, ya zo da takardar a hannu. Ya ce shi ma ya yi mamaki, ya ma tsaya, amma da ya ga takardar Illiassou ce, wato Baba, sai ya ɗauka Madame ce ta ba da izini. Ya nuna ma Baba layin da yatsa. Baba ya kalli takardar ya daɗe, kamar mai karatu. Bai laluba aljihu ba.

Moctar ya yi mini magana sau ɗaya duk yinin, 'yar ƙarama ma ya kira ni. "Ça va, la petite? Miƙo mini termos ɗin can."

Asabar, 12 ga Oktoba

Wata huɗu ina tunaninsa. Ɗan Maradi, yana jami'a, yana da dariyar da ke fara fitowa ta ido. A littafi da tuni ya lura. Ko sunana ban tabbata ya sani ba.

Talata, 15 ga Oktoba

An kira Baba gaban manyan kulob. Ya dawo bayan la'asar, babu makullin Madame Chazal a maƙalin makullansa. Na lura don shi ne mai jan zare.

Bututun ƙasa ne tayoyi suka fasa, wanda ke kai ruwan marmaro zuwa komin shanunta. Meri, hukumar garin, ta kafa allo ta rufe hanyar ga duk mai inji, har sai an ga hali. Ranar 16 ga Nuwamba babban taron kulob zai jefa ƙuri'a a kan Baba, ko a bar shi ko a kore shi.

Mama ta tsare shi a kicin. Ta ce kai da kake sa mutane su tsince guntun sigari a daji, kai da ka taɓa mayar da mu kilomita goma don ka manta ko ka rufe shinge, yaya za a yi ka ce a hau ciyawar mutane? Ya ce mata shi ya sa hannu. Ta sake tambaya, ya sake cewa shi ya sa hannu. Ina bayan ƙofa ina yankan albasa, ko ba komai ina da hujjar hawaye.

Bai tambaye ni ba. Kwana tara bai tambaye ni ba. Ya san abin da ya faɗa, ya san wadda ta buga. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ni ke karanta masa saƙonnin gurup ɗin kulob, kullum in na dawo lise. Yau ya miƙo wayar yana shan shayi.

Wani ya rubuta cewa shekara shida aka yi ana lallashin Madame kafin ta yarda, an ɓata a minti goma. Wata ta ce kada a yanke hukunci kafin taro. Wani ya ce ai Illiassou da bakinsa yake ba da labarin yadda suke kewaya taɓo a ƙasarsu, to hali ne ya dawo. Mutanen da suka ci kilishinmu. Mutanen da Baba ya ja motocinsu daga rami da igiyarsa. Kuma goma ne suka hau ciyawar da idonsu a buɗe, duk sun san dokarsu ta hana kewaya, ba wanda ya sauka ya taka ƙasar da ƙafa ya ji ko za ta ɗauki mota.

Na ga na Moctar na tsallake.

Baba ya aje kofi. Ya ce, "Sau bakwai ta yi ƙara. Shida kika karanta."

Na karanta. Ya rubuta da girmamawa ga Tonton Illiassou, amma nan ba hamada ba ce. Da fuska mai dariya a ƙarshe. Baba ya tambaya mi ne ne ɗan hoton, na ce dariya ce. Ya gyaɗa kai ya karɓi wayarsa.

Ashe yanzu ƙirgawa yake.

Kuma bidiyon Moctar ne meri ta gani. Shi ya ɗauka ta taga, laka na tashi, ya sa kiɗa ya watsa. Ya goge shi yanzu.

Asabar, 19 ga Oktoba

Baba ya fita da safe da shebur da buhunan wofi. Ba wanda ya sa shi. An ma ce kada ya sake yin komai da sunan kulob. Ya dawo laka har ƙugu, Mama ta hana shi shiga salo sai da ya tuɓe a ƙofa.

Gobe zan tafi Paris hutu, wurin Gwaggo Batula. Shi ya ce in tafi. Ban sani ba ko hutu yake ba ni ko kansa.

Litinin, 21 ga Oktoba, Château Rouge

Shagon Gwaggo bai canja ba, atamfa har rufi, ƙamshin turare da na kifin maƙwabta suna faɗa. Ni ke riƙe bakin zane tana aunawa. Wata 'yar Mali ta ce shaddar nan ba ta asali ba ce, Gwaggo ta ce mata ke ma gashin nan na kanki ba na asali ba ne amma ga shi ya yi miki kyau. Suka yi dariya, matar ta saya.

Ta aje mini kwalin littattafan soyayya da aka kawo mata daga Kano, sababbi tara. Da irinsu na koyi karatun Hausa, a ƙarƙashin teburin nan, shekarar da muka zo daga Tahoua. Na buɗe uku na rufe. Duk yarinyar cikinsu wani ne ya cuce ta. Ana yi mata ƙarya, ana ɓoye mata wasiƙa, tana kuka tana da kyau. Ba wadda ita ce ta yi ƙaryar. Irina ba a sa mu a tsakiyar littafi, a gefe muke, kuma a shafin ƙarshe mota ke kaɗe mu.

Laraba, 23 ga Oktoba

Moctar ya canja hotonsa na waya. Na duba sau huɗu. Na tsani kaina sau huɗu.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Ba ciniki, ana yayyafi. Gwaggo ta dube ni ta ce, Innata, wa ya mutu ba a gaya mini ba? Na ce ba kowa. Ta ce to ubanki ya kira sau biyu, tambayarsa ɗaya, ko kina cin abinci.

Ta san zancen kulob, Mama ta gaya mata. Ta ce ita tun farko ba ta gane ba, mutum ya tsere ma hanyar ƙasa ya zo ƙasar da ko lungu an shafe da gudiro, wato kwalta, sai kuma ya sayi mota yana neman taɓo ranar hutunsa. Ta yi dariya, sai ta daina.

Ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Gonar kakanmu tana bakin hanyar manyan motoci. Da damina in hanya ta caɓe, kowane direba sai ya kewaya, na bayansa ya kewaya nasa sawun. Shekara bakwai, hanya ta cinye rabin gonar. Tsoho ya sa ƙaya, suka taka. Ya tsaya da kansa, suka yi masa oda. Shi ya sa aka cire Baba daga lakwal, makarantar boko, tun aji ɗaya aka ba shi ga wani direba, don gonar ba ta ƙara ciyar da gida. Ita aka bari ta yi karatu don ita ce ƙarama, ba ta iya ɗaukar komai.

"Ya zama direba, shi ma ya yi ta kewayawa bisa gonakin wasu shekara ashirin, don haka anka koya mishi. Da ya zo nan ya iske mutane sun rubuta doka cewa ba a kewayawa, wallahi kamar ya iske danginshi."

Ni na ɗauka labarin kewaya taɓo da yake bayarwa na alfahari ne. Ban taɓa sauraren ƙarshensa ba. Kullum ina da littafi a cinya.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Na rubuta ma Monsieur Fayolle wasiƙa. Shafi biyu. Da na sake karantawa, shafi ɗaya da rabi a kan Moctar ne da bidiyonsa, da direbobi goma da ba su sauka ba. Ni ina layin ƙarshe, ƙarama, na ce mai yiwuwa an samu kuskure wurin bugawa.

Na yaga. Ba don ƙarya ce ba, duk gaskiya ne. Amma na san mai wayon da ta jera ta haka.

Talata, 29 ga Oktoba

Ta biyu ta fi kyau, har na yi kuka ina rubutawa. Akwai zuciya mai rauni a ciki, da dare mai tsawo. Sai na gane daga wane littafi na kwaso. Monsieur Fayolle mai gyaran famfo ne da ya yi ritaya, mi zai yi da zuciyata.

Asabar, 2 ga Nuwamba, Vaulx

Na dawo. Baba ya zo tarbata a tasha, hannunsa duk ya tsattsage. Ya tambayi Gwaggo, ya tambayi hanya. Ya ce ke, kin rame. Tun ranar nan "ke" yake ce mini. Ba da faɗa ba. Ke kawai.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na ce zan bi shi. Ya dubi takalmina ya ce in ɗauki bot ɗin Mama.

Mun bar mota a bakin gudiro tunda an rufe hanya, muka taka kusan rabin awa da shebur da buhu. Ban taɓa ganin hanyar nan da ƙafa ba. A mota ba ka jin ƙasar tana lotsawa.

Ya yi kusan rabi shi kaɗai. Ya tono bututun da ya fashe ya haɗa wani, ruwa ya koma komi, amma har yanzu ja-ja yake, shanun ba su sha. Aikin haka yake: ka jawo ƙasar da taya ta tura gefe ka mayar cikin sawun, kada ka kawo ta wani wuri. Ka nemo fallen ciyawar da aka yage, ka juya shi saiwa ƙasa, ka danna da ƙafa. Inda ba falle, ka barbaɗa ƙurar ciyawa da ya sharo daga rumbun Madame, don irin wurin ne a ciki, ba na kanti ba. Mita ɗaya tana cin rabin awa. Mota ta yi ta cikin ƙiftawa.

Na tambaye shi, don in ji muryarsa, mi ya sa tsakiya. Ya ce tsakiya ta riga ta mutu, an taka ta shekara ɗari, ba abin da za ka ƙara mata. Gefe ne ke da rai. Ya nuna mini sabon sawu siriri a cikin namu, na masu babur. Allon meri bai hana su ba. Ya ce mutum in ya ga sawu ba ya tambaya wa ya yi, bi yake. Shi ya sa muka jawo rassa muka jibga a bakin wurin, don ido ya daina ganin hanya a nan.

Madame Chazal ta gangaro da sanda da karenta. Ban taɓa ganinta kusa ba. 'Yar ƙarama ce, rigar mijinta a jikinta. Ba ta gaishe mu ba. Ta duba komin, ta sa hannu cikin ruwan ta shinshina. Ta ce mijinta ya haƙa bututun nan da hannu shekarar da suka yi aure, wata uku yana yi. Ta ce kulob uku suka roƙe ta ta ƙi.

Sannan ta ce ma Baba, "Ba kulob na ba makulli ba. Kai na ba."

Baba ya ce ya sani, Madame.

Ta juyo gare ni. Ta ce ke ce Ramatou? Ta ce ubanki ya ce ke ce ta ɗaya a ajinku, ya ce ba ki taɓa yi masa ƙarya ba ko ta alewa. Ta ce da bazara ya faɗa mata, suna gyaran shinge. Ta ce to kama ma ubanki, ya tsufa da wannan aikin. Ta tafi.

Na sunkuya na ci gaba da danna ciyawa. Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Sai Baba ya ce, "Uwata, miƙo shebur." Ya suɓuce masa ne, na gani a fuskarsa. Na miƙa. Shi ke nan na rasa damar gaya masa.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Bayana, cinyoyina, har yatsu. Baba sati uku yana wannan.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Ba lise yau. Na rubuta ta uku, layi tara. Ni Ramatou Illiassou ni na buga takardar. Mahaifina ya ce ta tsakiya, na rubuta ta dama, da gangan, don wata mota ta samu zuwa. Na karanta masa abin da ba shi ne a rubuce ba. Ban sa sunan kowa ba sai nawa.

Amma ga inda ta tsaya mini. Duk wanda ya karanta zai tambaya, to shi bai duba ba kafin ya sa hannu? Mi ya sa sai an karanta masa? Shekara tara yana laluben lunet a gabansu. Na juya jimlar ta kowace fuska. In na ce ya gaji ranar, ƙarya ce. In na ce ya yarda da ni ne kawai, gaskiya ce rabi, kuma Monsieur Fayolle ba yaro ba ne, ya ga yadda Baba ya kalli layin nan ranar Lahadi.

In na yi shiru, mai ɓarna ne. In na yi magana, jahili ne mai 'ya maƙaryaciya. Duka biyun ni na saya masa, da mayafi shuɗi.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Moctar ya fita daga gurup. Ya rubuta cewa karatu ya yi masa yawa. Na karanta ma Baba shi da sauran, duka, ban bar ko ɗigo ba. Wani ya ce in Illiassou yana da mutunci ya sauka da kansa, ya hutar da mutane ɗaga hannu.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Na dawo lise na iske shi a salo, ya buɗe ordi da kansa, ya jawo mini kujera. Ya ce zauna ki rubuta.

Ya faɗa a hankali, yana jira in gama kowane layi. Shi Illiassou yana gode ma kulob da shekara tara. Kuskuren gida na sha huɗu nasa ne. Ya sauka, kada a wahalar da kowa da ƙuri'a. Yana roƙo a bar shi ya ƙarasa gyaran makiyaya, kuma a roƙi meri kada ta hukunta kulob saboda mutum ɗaya. Sai ya ƙara, in an buɗe hanyar, a kafa turaku biyu a bakin ramin, dama da hagu, don ko takarda ta ce a kewaya mota ta kasa.

Na buga kalma kalma. Da na gama na karanta masa ina bin layin da yatsa, na juyo masa allon ko da yake ba abin da zai gani. Ya ce in sake. Na sake.

Na ce, "Baba, ba naka ba ne."

Ya ce, "Ban tambaye ki ba."

Na ce to su fa, in sun tambaya? Ya ce ba su tambaya, sun riga sun sami amsar da ta yi musu daɗi. Ya sa hannu, ya linke, ya sa a ambulan. Ya ce jibi zai kai ni ƙofar zauren taron, ni zan shiga in ba Fayolle hannu da hannu, shi zai jira a mota. Ba ya son su ga fuskarsa su ji nauyi.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Ambulan biyu a jakata, farare, girmansu ɗaya. Duk darasin lissafi ina taɓa su.

Abin da ya fara zo mini, kuma na ji daɗinsa har cikin ciki: in shiga in ba da tawa, in bar tasa a jaka. Yana mota, ba zai sani ba sai an gama. Na ma ga yadda za a yi, Monsieur Fayolle ya fito da gudu ya buga gilas, Baba ya dube ni idonsa da hawaye. Na kai har tashar bis ina gyara labarin a kaina.

A bis na gane. Ya faɗi abu, in kai wani. Ya ba ni takarda don ba ya iya dubawa, in yi abin da na ga ya fi. Shi ne dai abin da na yi a takardar hanya, sai dai wannan karon na yi masa kwalliya.

Tasa zan ba da, yadda ya faɗe ta. Tasa ce.

Tawa ma tawa ce. Kafin in sauka daga mota zan fiddo ta in gaya masa ta biyu ce, in karanta masa da Hausa, layi tara, har da wurin da ya nuna karanta masa ake yi. Zai ce a'a. Na san yadda zai faɗe ta, ba zai ɗaga murya ba, zai kalli sitiyari. Mai yiwuwa ya daɗe yana ce mini ke. Mai yiwuwa su karɓi tasa su yar da tawa, su ce yarinya ce tana kare ubanta, kuma su riƙa kallonsa wani iri a banza. Ban san ko taimakonsa zan yi ba. Ina jin ba taimako ba ne ma. Madame Chazal dai tana can tana tsammani mutumin da ta ba makulli ne ya ce a hau ciyawarta.

Na kwafi wasiƙata ta uku da hannu don Madame ta samu tata. Baba ya ce in an gama da zauren, makiyaya zai wuce, saura mita goma sha biyu. Na wanke bot ɗin Mama na sa a bakin ƙofa.

Zan karanta masa. In ya gama cewa a'a, zan ce ya yi haƙuri, in buɗe ƙofa in kai.